Farauta ko kisan banza? Tambayoyi da amsoshi kan haƙƙin namun daji

Kakana na wajen uwa maharbi ne, kuma a zaurensa na fara ganin kwari da baka da kan burtu rataye a jikin bango. Ni ban gaji sana'ar ba, amma na ci namanta, na kuma ji hirarta har ta zauna mini. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yawan tasowa duk lokacin da aka ɗauko zancen farauta, ko a majalisa ko a wajen karatu.

Wai mene ne bambancin farauta da kisan sha'awa, tunda ko ta yaya dabbar mutuwa take yi?

Bambancin yana wajen mai harbin da abin da ya fitar da shi daga gida. Maharbi ya shiga daji ne don ya samo abin miya, ko ya sayar ya sayi hatsi, ko ya kawar da dabbar da ta addabi gari. Da ya samu abin da ya je nema, sai ya saɓa ya juyo. Mai kisan sha'awa kuwa faɗuwar dabbar ce abin nemansa. Shi ya sa ba ya ƙoshi: ta farko ta faɗi, yana neman ta biyu, kuma sau da yawa naman ma bai dame shi ba, ƙaho ko fata ko hoto yake so.

Akwai gwaji mai sauƙi. A tambayi mutum: da za a ba ka naman nan a yanke, a ce ka koma gida, za ka koma? Mai neman abinci zai ce alhamdu lillahi, an hutar da shi. Ɗaya kuwa zai ji an ɓata masa rana.

Me Musulunci ya ce a kan wannan?

Farauta halal ce, babu jayayya. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da karnuka da tsuntsayen da aka horar suka kamo, in an ambaci sunan Allah. Hadisan Adiyyu ɗan Hatim da Abu Sa'alaba, waɗanda Buhari da Muslim suka kawo, sun yi bayanin yadda ake sakin kare da yadda ake harbi. Amma a wannan surar dai, a aya ta 95, aka hana mai harami da aikin Hajji kashe abin farauta. Ke nan tun farko halaccin yana da iyaka ta wuri da ta lokaci.

Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan kowane zauren karatu a ƙasar Hausa ya san ta, zai tuna inda aka ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba kuma halal ce. Malaman Malikiyya sun ƙara tsanantawa ga wanda ya kashe dabba ba da niyyar ci ko wani amfani ba, suka ce wannan haramun ne, ɓarna ce.

Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) ya hana a mayar da abu mai rai abin gwada saiti. Abdullahi ɗan Umar ya taɓa iske wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna ta harbinsa da kibau, da suka hango shi suka watse, ya ce Manzon Allah ya la'anci mai yin haka. Abu Dawuda kuma ya kawo labarin sahabban da suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a hanyar tafiya, uwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai, Annabi ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Ga kuma aya ta 38 a Suratul An'am da ta ce dabbobi da tsuntsaye al'ummu ne kamar mu.

Kiristocin da ke cikinmu su ma suna da makamancin wannan a Kubawar Shari'a 22:6-7, inda aka hana a haɗa uwar tsuntsu da 'ya'yanta a kwashe.

Shin maharban da suna da ƙa'idoji, ko dai yabon zamanin da ya wuce ne kawai?

Suna da su, ko da yake ba a takarda ba. Kuma ba zan ce kowa ya kiyaye ba, don a kowane zamani akwai mai zari.

Farauta sana'a ce mai shugabanci. Akwai Sarkin Baka, a wasu wurare Sarkin Dawa, kuma ba a shiga dajin wani gari sai da saninsa. Yaro ba ya ɗaukar baka ya ce shi maharbi ne. Sai ya yi shekaru yana bin ubangidansa, yana koyon sawu da kashi da iska, yana koyon yadda ake haɗa dafi da 'ya'yan kwankwani. Damina kuwa lokacin gona ne. Maharbi manomi ne kafin komai, saboda haka daji yakan sami hutu daidai lokacin da ciyawa ta rufe, namu da yawa ke da ƙanana.

Abin da na gani da idona shi ne farautar burtu. Kakana yakan ɗaura kan tsuntsun nan a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo. Daga nesa ba ka cewa mutum ne. Yana iya shafe rabin yini a haka kafin ya kusanci barewa iyakar inda kibiya za ta kai. Wata rana ya dawo da la'asar hannu wofi, gwiwoyinsa duk ƙaya. Kakata ta ce, "Malam, yau babu?" Ya ce ya samu, har ya ɗana, sai ya ga ciki gare ta. Bai ƙara komai ba, ya nemi ruwan alwala. Ranar miyar kuka muka sha babu nama, kuma ban ji wanda ya yi ƙorafi ba.

Ban da wannan, akwai tsoron da maharba ke yi wa wasu namu, irin su gwanki da raƙumin dawa, cewa ba a taɓa su sai da shiri. Malamai za su ce camfi ne, kuma ba na musu. Amma camfin ya sa ba kowa ke ɗaga musu baka ba. Haka shamuwa: har yau da wuya ka ga Bahaushe ya jefe ta, tana sheƙarta a tsakiyar gari.

Farautar gayya ta rani fa, wadda ake fita da kiɗa da karnuka? Ita ma ai akwai nishaɗi a ciki.

Akwai, kuma ba laifi ba ne mutum ya ji daɗin sana'arsa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wanda ya yini yana bin kare a rana ya cancanci ya yi kirari da yamma. Naman kuma ana ci, ba a zubarwa.

Inda take ɓaci shi ne yadda ake yin ta yanzu a wurare da yawa. A da ƙafa ce ke kai mutum, iyakar inda ya gaji nan farauta ta tsaya. Yau ana cika motoci da mutane da karnuka, a tafi dajin wata jiha, a kewaye shi, duk abin da ya motsa a buge: zomo, gafiya, bushiya, guza, dila, har 'yan jariran da ba su kai loma biyu ba. Sannan ga faɗan "karena ne ya fara kamawa", wanda yakan kai ga zare adda da barandami. In aka dawo da rauni a jikin mutane fiye da naman da ke cikin buhu, to ba abinci aka je nema ba, suna aka je nema.

Me ya sa ake hana cinna wa daji wuta? Ai ciyawa tana sake tsirowa.

Ciyawa tana tsirowa, amma kunkuru da ƙwan zabi da 'ya'yan gada ba sa tashi daga toka. Wuta ba ta zaɓe. Don gafiya uku sai a ƙone abincin shanun makiyayi na rani guda, wani lokaci har da amfanin gonar da ba a kwashe ba. Ga kuma hanin da ya zo a hadisi kan azabtarwa da wuta, har a kan gidan tururuwa.

Na harbi dabba ta gudu da rauni. Mene ne a kaina?

Ka bi ta. Wannan ita ce ƙa'idar da maharban duniya duka suka haɗu a kai, Musulminsu da wanda ba Musulmi ba. Ka bi jini, ka bi sawu, ko da zai cinye maka yinin. In ka same ta da sauran rai, ka yanka nan take da wuƙa mai kaifi. Hadisin Shaddadu ɗan Aus da ke cikin Muslim ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za a kashe a kyautata kisan, in za a yanka a wasa wuƙa a hutar da abin yankan.

Gyaran ma tun kafin harbi yake farawa. Kada ka harba daga nesan da ka san hannunka bai kai ba. Kada ka harba cikin garke da fatan ko wacce ta samu. Bindigar gargajiya mai watsa ƙarafa tana yawan barin dabbobi da rauni, su je su mutu a ƙarƙashin wani kurmi bayan kwana uku, ba ka ci ba, ba ka bari ba.

Tarko da guba fa?

Tarkon waya shi ne mugun makamin zamanin nan, don arha ne, kuma ba ya barci. Mutum ɗaya zai ɗana hamsin da wayar birkin babur, ya manta da rabi. Wanda aka ɗana don gada sai ya kama ƙafar zaki ko hancin ɗan giwa. Ta fuskar fiƙihu ma asara ce: dabbar da ta shaƙe ta mutu a tarko kafin a yanka ta mushe ce, aya ta 3 a Ma'ida ta ambaci maƙararriya ƙarara.

Guba kuwa ba ta cikin farauta ko kusa. Wanda ya zuba maganin ƙwari a tafki don kifi ya taso, ko ya barbaɗa a mushe don kura, ya kashe duk abin da ya sha ko ya ci, sannan ya kawo ragowar kasuwa mutane su saya.

Ana yawan ambatar wani zaki Cecil. Mene ne labarinsa?

Zaki ne mai shekara 13 a gandun dajin Hwange na ƙasar Zimbabuwe, yana sanye da abin wuya na bin sawu wanda masu bincike na Jami'ar Oxford suka sa masa. A watan Yulin 2015 wani likitan haƙori ɗan Amurka, Walter Palmer, ya biya kuɗin da aka ce sun kai dala 50,000 don ya harbi zaki. Aka jawo Cecil da mushe zuwa wajen iyakar gandun, ya harbe shi da kibiya, bai mutu ba sai bayan sa'o'i masu yawa da aka bi shi aka ƙarasa. Aka cire kai da fata. Duniya ta yi ca, amma hukumomin Zimbabuwe suka ce takardunsa sun cika, ba a gurfanar da shi ba.

Abin ba sabo ba ne. Tsakanin 1909 da 1910 tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt da ɗansa Kermit sun harbe manyan namun daji 512 a tafiya guda a gabashin Afirka, da sunan tara wa gidan tarihi. A Afirka ta Kudu kuma har kiwon zakuna ake yi a keji, in sun girma a sake su cikin shinge, baƙo ya biya ya harba. Wannan ko sunan farauta bai cancanta ba; bambancinsa da harbin rago a turke kuɗin da aka biya ne kawai.

Sai dai kada mu cika nuna Turawa da yatsa. A hamadar Nijar, ayarin attajirai daga ƙasashen Larabawa sun sha shigowa da manyan motoci da shahuna suna bin tuji da barewa. Mu ma nan gida, duk ranar da wata dabba ta ɓato hanya ta shigo gari, kafin jami'an daji su iso an taru an kashe ta, kowa yana ɗora ƙafa a kanta ana ɗaukar hoto da waya.

Amma an ce kuɗin masu farautar ƙaho, wato baƙin da ke biya su harbi dabba don ƙaho ko fata, su ke raya gandun daji. Gaskiya ne?

Nan maganar ba ta da sauƙi, kuma ƙasashen Afirka kansu sun rabu. Kenya ta haramta irin wannan farauta tun 1977. Botsuwana, mai giwaye wajen 130,000, ta hana a 2014, ta dawo da ita a 2019 bayan koke-koken manoma. A 2024 da Jamus ta yi maganar taƙaita shigo da ƙahonni da haure, shugaban Botsuwana na lokacin, Mokgweetsi Masisi, ya ce zai aika musu giwaye 20,000 su zauna da su su ji yadda ake ji. Namibiya kuma ta ba al'ummomin karkara ikon cin moriyar namun dajinsu, kuma a can an ga wasu namun sun ƙaru.

Ra'ayina shi ne tambayoyi biyu ne ake cakuɗawa. Ko tsarin yana iya amfanar daji in an riƙe amana, kuɗin kuma ya isa ƙauye? Yana iya yi, a inda namun suka yi yawa. Ko hakan ya wanke zuciyar mutumin da ya ƙetare teku don kawai ya ga zaki ya faɗi? Wannan daban. Kuma ko ma mene ne amsar, ba ta shafe mu ba a Afirka ta Yamma, don ba mu da rarar da za mu sayar.

Da gaske namun dajinmu suna ƙarewa? Ba sun dai yi nisa ba ne?

Tambayi duk wanda ya haura shekara sittin yaushe rabonsa da jin kukan kura a bayan gari. Binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma gaba ɗaya ba su wuce kimanin 400 ba, mafi yawansu a dazukan da suka haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso. A Najeriya sai 'yan ƙalilan a Kainji da Yankari. Yankari ɗin, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, shi ke riƙe da ɗaya daga garkunan giwaye na ƙarshe a ƙasar. Falgore da Kamuku da Sambisa duk an san su da namu a da. Yau in an ambace su wani abu ne ke fara zuwa zuciya.

Mariri, farar dabbar nan mai dogayen ƙahonni da ta cika sahel, a shekarar 2000 aka bayyana cewa babu ita a daji ko ɗaya. Mota da bindiga da fari suka gama da ita. Sai a 2016 aka fara dawo da waɗanda aka kiwata a waje zuwa Chadi, kuma sun hayayyafa. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa kimanin 50 a 1996. Da gwamnati da mutanen ƙauyukan suka tsaya musu, sun haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji. Daji yana farfaɗowa in an ɗaga masa ƙafa, amma sai in akwai sauran iri.

Ba farauta kaɗai ta jawo ba, gaskiya. Gona ta ci daji, gawayi ya ci itace, mutane sun ninka. Shi ya sa abin da kakana ya yi ba tare da ɓarna ba, in mutum dubu suka yi shi yau da babur da fitilar goshi, ɓarna ne, ko da kowannensu da yunwa ya fito.

Me doka ta ce?

A Najeriya akwai dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, wadda jihohi suka gada, da dokar 1985 mai kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka ƙara wa tara a 2016. Farauta a gandun daji na ƙasa laifi ne. A Nijar dokar 1998 ce ta tsara lasisi da lokacin buɗe farauta da rufe ta. Ƙasashen biyu suna cikin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Kafin ka fita, ka je ofishin gandun daji na yankinka ka ji abin da aka hana, ka kuma tabbatar bindigarka tana da takarda.

Hana kamu na wani lokaci ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Argungu ana tsare kogin Matan Fada ba a su a cikinsa sai ranar biki, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa.

Giwa ko dorina ta cinye mini gona. In zuba ido?

A'a. Wanda bai taɓa wayar gari ya ga dawar shekara a tattake ba, bai kamata ya yi wa manomi wa'azin haƙuri ba. Shari'a ta yarda a kare rai da dukiya, har ta ambaci masu cutarwa da ake kashewa, irin su kunama da ɓera da kare mai cizo. Amma a fara da kora da sanar da jami'an daji. A Kenya an gwada jera amya a gefen gona, don giwa tana gudun zuma, an kuma gwada hayaƙin barkono, duka sun taimaka. Hukuma ita ma da nata laifin: in ana so manomi ya bar giwa, to a biya shi abin da ta ci. Abin da ba shi da hujja shi ne dorina ɗaya ta yi ɓarna a bi danginta duka, ko a fake da ɓarnar don a sami haure.

Masu kashe ungulu da sauran namu don magani fa?

Ka lura mahautan garinku, ungulu nawa ka gani bana? A da ba a iya ƙirga su. Tun 2015 aka sa irin ungulun da muka saba gani a jerin masu dab da ƙarewa, kuma cinikin kawunansu don tsibbu yana cikin manyan dalilai a Afirka ta Yamma. A 2020 an kashe fiye da 2,000 da guba a Gini Bisau. Tsuntsun da ba a ci, wanda aikinsa kwashe mushe kyauta, an ƙarar da shi don a ce wani zai ci zaɓe ko ya yi kasuwa. Mushen da ungulu ba ta ci ba, karnuka da ƙudaje ke gadonsa.

Ɗana yana yawo da danƙo yana harbin tsuntsaye da ƙadangaru. In hana shi?

Kusan dukkanmu mun yi. Ni ma na yi, kuma na tuna ranar da na kaɗo wata kurciya daga kan tsamiya, na kawo ta zaure ina taƙama. Kakana ya karɓa ya juya ta, ya ga ta riga ta mutu ban yanka ba. Ya ce, "To, jikana, ba ta ciwu. Me ta yi maka?" Ya sa na haƙa rami na binne ta, ya karɓe danƙon kwana bakwai.

Akwai hadisin Abdullahi ɗan Mugaffal a Buhari da Muslim da ya hana jifa da tsakuwa, don ba ta farauta, ba ta kashe maƙiyi, sai dai ta fasa ido ta karya haƙori. Duk unguwar da ake wasan danƙo an san yaron da ya rasa ido ta haka. In yaron yana son gwada hannu, a jera masa gwangwani a kan katanga. In kuma lokacin tsaron gero ne, tsuntsaye sun sauka a gona, ga aikin da danƙonsa zai yi amfani. Wanda ya kaɗo da rai, a koya masa ya yi bisimilla ya yanka, ya fige da kansa, a gasa ya ci. Ƙadangare kuwa, tunda ba ci zai yi ba, a tambaye shi abin da aka tambaye ni.